Yoga Mai Bin Yanayin Shekara: Daga Fadar Maisor Zuwa Wayar Ɗiyanmu

Wata rana bayan an tashi daga lakwal, wata uwa ta tare ni bakin ƙofa ta miƙo mini wayar ɗiyarta. A cikin bidiyon, wata mata ce zaune bisa ƴar shimfiɗa, tana lanƙwasa jiki sannu a hankali tana bayani da faransanci. Taken darasin shi ne yoga mai laushi ta lokacin sanyi. Ƙarƙashinsa ga wani darasin mai saurin motsi, wai shi na lokacin zafi ne. Uwar ta ce kullum da safe yarinyar na rufe ɗaki tana kwaikwayon matar. Sai ta tambaye ni: "Mushe, wannan abin bauta ce ko wasa ne? Kuma ba zai karya mini ita ba?"

Tambayar ta fi ƙarfin amsar bakin ƙofa, don haka na ce ta ba ni kwana biyu. Na ga ya dace in kawo wa ƴan uwana malamai da iyaye abin da tarihi ya nuna, domin irin wannan bidiyo ya shiga gidaje da yawa. Darasin da yarinyar ke kallo igiya ce da aka tufka da zare uku: tsohuwar ƙa'idar masu maganin Indiya game da lokutan shekara, atisayen ƴan makaranta na shekarun 1930, da kuma motsin jinya da aka tsara wa marasa ƙarfi. Kowane zare da nasa tarihin, kuma tufkar kanta ba ta kai shekara ɗari ba.

Zama ne farko, motsi daga baya

Masu tallar yoga kan ce ta shekara 5,000. Wannan lissafi ya samo asali ne daga wani ɗan hatimin dutse da aka tono a tsohon birnin Mohenjo-daro, cikin Pakistan ta yau, a ƙarshen shekarun 1920. Jikinsa akwai hoton wani mai ƙaho zaune ya naɗe ƙafafu. Baturen da ya jagoranci aikin tonon kayan tarihi a Indiya a lokacin, John Marshall, ya ce wannan zaman yoga ne. Masana da yawa bayansa ba su gamsu ba, ga shi har yau ba wanda ya iya karanta rubutun mutanen wancan birni.

Abin da ya tabbata shi ne kalmar ta fito daga harshen Sanskirit, daga tushen da ke nufin ɗaurawa ko haɗawa, kamar yadda manomi ke ɗaura wa shanun huɗa karkiya. Abin da ake son ɗaurewa kuwa shi ne zuciya mai yawo. Littafin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne na Patanjali, wanda masana da dama ke ajiyewa wajajen shekara ta 400 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Gajerun jimloli ne kimanin 195, kuma uku kacal ne cikinsu suka taɓo asana, wato yadda za a ajiye jiki. Bai ambaci tsayuwa bisa kai ba, bai ambaci tsalle ba. Zama yake nufi, irin wanda mutum zai daɗe a cikinsa yana tattara hankali, kamar waɗannan tsofaffin masu gudun duniya da muka saba gani a fina-finan Indiya.

Musulmi sun san wannan ilimi tun da daɗewa. Malamin nan Al-Biruni, wanda ya koyi Sanskirit ya kuma rubuta babban littafinsa kan Indiya wajajen 1030, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci. A ƙarni na 16 wani shehin ɗariƙar Shaɗɗariyya, Muhammad Gaus na birnin Gwaliyor, ya tsara littafin Bahrul Hayat da Farisanci, kuma kwafin da aka yi wa zane a farkon shekarun 1600 saboda Yarima Salim, wanda ya zama Sarki Jahangir, yana cikin tsofaffin littattafan da suka nuna hotunan asana.

Reshen da ya ba jiki muhimmanci shi ake kira hatha. Littafinsa Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya bayyana asana 15, wani kuma mai suna Gheranda Samhita, na wajajen 1700, ya bayyana 32. Masu wannan aiki maza ne da suka bar gida da iyali, suna koyo ɗaya bayan ɗaya gaban malami, suna neman kuɓutar rai ko wasu ƙarfafa na ɓoye. Babu aji, babu ƙararrawa, babu kuɗin wata.

Lokuta shida na shekarar Indiya

Zaren farko, na yanayin shekara, ya fito ne daga fannin maganin gargajiyar Indiya da ake kira Ayurveda. Mu a nan lokuta huɗu muke ƙirgawa: ɗari, bazara, damana da kaka. Su kuwa shida suke da su, kowane wata biyu. Akwai vasanta wajajen Maris da Afrilu lokacin da itatuwa ke toho, grishma ta tsananin zafi a Mayu da Yuni, varsha ta ruwan sama a Yuli da Agusta, sharad bayan ɗaukewar ruwa, sai hemanta da shishira, sanyin farko da sanyin ƙarshe.

Littafin Charaka, wanda ya kusa shekara 2,000, ya ware babi guda kan yadda mutum zai ci, ya sha, ya kwanta, ya motsa a kowane lokaci, haka ma littafin Vagbhata na wajajen ƙarni na 7. Sun raba shekara gida biyu: watanni shida da rana ke zuƙe ƙarfin mutum da danshin ƙasa, da watanni shida da ƙarfin ke dawowa. A lissafinsu jiki ya fi rauni a lokacin zafi da farkon ruwa, ya fi ƙarfi a lokacin sanyi. Saboda haka suka ce a yi motsa jiki mai nauyi cikin sanyi da lokacin toho, shi ma kada a wuce rabin ƙarfin da mutum ke da shi. Cikin zafi kuwa a rage shi ƙwarai, a sha abin sanyi, har barcin rana da suke hanawa a sauran lokuta sun yarda da shi.

Littattafan hatha sun ɗauki wannan tunani. Gheranda Samhita ya gargaɗi mai koyo kada ya soma aikin cikin sanyi, ko zafi, ko damana, don gudun ciwo. Ya ce a soma a lokacin toho ko bayan ɗaukewar ruwa. Masu gudun duniya da kansu sukan daina yawo su zauna wuri guda tsawon watanni huɗu na damana. A riƙe wannan batu na sanyi da zafi, domin za mu ga yadda ya juye sa'ad da yoga ta ƙetare teku.

Zamanin Turawa: daga raini zuwa filin atisaye

Lokacin da Ingilishi suka kafu a yankin Bengal, sun tarar da rundunonin masu gudun duniya, Hindu da Musulmi, ɗauke da makamai suna fatauci suna karɓar kuɗi a hanyoyi. An daɗe ana gwabzawa, kuma a 1773 gwamna Warren Hastings ya hana su yawo a yankin. Da hanyar abincinsu ta toshe, da yawa suka koma nuna abubuwan mamaki a kasuwa, wani ya kwanta bisa ƙusoshi, wani ya murɗe jiki, ana jefa musu ƴan kuɗi. Turawa da ƴan bokon Indiya duk suka raina su. Ko Swami Vivekananda, wanda ya yi jawabin da ya shahara a taron addinai na Shikago a 1893, ya kuma wallafa Raja Yoga a 1896, tunani da numfashi ya koyar, bai ɗauki murɗe-murɗen jiki da daraja ba.

A daidai wannan zamani Turai ta kamu da zazzaɓin gina jiki. Wani ɗan Suwidin, Pehr Henrik Ling, ya kafa cibiyar jimnastik a birnin Istokholm a 1813, kuma tsarinsa na jera mutane sahu-sahu suna motsi da umarnin malami ya shiga barikokin soja da makarantun Ingila, daga can ya isa Indiya. Shahararren ƙaƙƙarfan nan Eugen Sandow ya zagaya Indiya wajajen 1905 yana nuna ƙwanji. A 1920 wani Ba'amurke, Harry Crowe Buck, ya buɗe makarantar horon malaman motsa jiki ta ƙungiyar YMCA a Madras. Tsarin wani ɗan Danmak, Niels Bukh, mai miƙe-miƙe da sauyin motsi ba tsayawa, shi ma ya bazu a shekarun 1920.

Turawan mulki sun daɗe suna yi wa Indiyawa gorin cewa ragwaye ne marasa ƙarfi. Masu kishin ƙasa suka ce sai sun nuna suna da nasu atisayen na gado wanda ya kai na Turai. A 1918 Shri Yogendra ya buɗe cibiyarsa a Bombai don magidanta masu iyali. A 1924 Swami Kuvalayananda ya kafa Kaivalyadhama a garin Lonavla, inda aka riƙa auna numfashi da bugun zuciyar masu yoga da na'urorin likita, ya kuma tsara darussan da za a yi wa ƴan makaranta a taro.

Sarkin wata ƴar ƙaramar masarauta mai suna Aundh, Bhawanrao Pant Pratinidhi, shi ya yaɗa jerin motsin da ake kira surya namaskar, ma'ana gaisuwar rana. Ya wallafa littafi a kai a ƙarshen shekarun 1920, ya kuma wajabta shi a makarantun ƙasarsa. Motsin ya yi kama da dirshan da ƴan kokowar Indiya ke yi don ƙarfafa ƙirji da damtse, kuma sarkin ya haɗa shi da kalmomin girmama rana. Tsofaffin littattafan hatha da muka ambata ba su lissafa shi cikin asana ba, amma yau shi ne ƙashin bayan kusan duk wani darasin yoga mai kuzari.

Ajin samari a fadar Maisor

Zare na biyu ya ƙullu ne a kudancin Indiya, a hannun Tirumalai Krishnamacharya, wanda aka haifa a 1888 ya rasu a 1989. Malami ne da ya yi zurfi a Sanskirit da falsafa, ya kuma ce ya shekara bakwai yana koyon yoga wurin wani malami a tsaunukan Himalaya. Sarkin Maisor, Krishnaraja Wadiyar na huɗu, ya ɗauke shi aiki, kuma a 1933 aka buɗe masa makaranta a fadar Jaganmohan. Shekara ɗaya bayan haka ya wallafa littafinsa Yoga Makaranda.

Ɗalibansa mafi yawa samari ne, ƴaƴan dangin sarauta da yaran gari. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban yara masu jini a jika ya san ba a ce musu su zauna shiru awa biyu. Krishnamacharya ya jera asana ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su da tsalle da dirshan, kowane motsi da ƙirgen numfashinsa, abin da ake kira vinyasa. Yaro ba ya samun sararin wasa da maƙwabcinsa, domin da ya gama wannan ga wancan. Sarki kuma yakan tura malamin da yaransa garuruwa su yi nuni gaban jama'a, shi ya sa aka so motsi masu ban sha'awa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a Maisor an ɗauki wannan magana da gaske, har da tsananin horo.

Masana sun yi muhawara kan asalin wannan tsari. Norman Sjoman a 1996 da Mark Singleton a 2010 sun nuna kamannin da ke tsakaninsa da jimnastik ɗin Turai da atisayen ƴan kokowa da ake yi a fadar. Wasu masu bincike daga baya sun gano rubuce-rubucen Indiya na ƙarni na 18 masu asana sama da ɗari, cikinsu har da masu motsi da maimaitawa. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne siffar darasin da muka sani yau, malami a gaba, ɗalibai sahu-sahu, lokaci ƙayyadadde, ɗan ƙarni na 20 ne.

Malami ɗaya, hanya biyu

Daga wannan makaranta salon nan biyu suka rabu. Pattabhi Jois, wanda aka haifa a 1915, ya shiga hannun malamin yana yaro, ya riƙe abin da aka koya masa yana yaro. A 1948 ya buɗe tasa cibiyar a Maisor, kuma tsarinsa mai suna Ashtanga shi ne uban salo mai zafi: jerin motsi ƙayyadaddu, gumi kamar an watsa ruwa, kwana shida a mako, sai hutun ranar da wata ya cika da ranar da ya ɓuya.

B.K.S. Iyengar, ƙanen matar Krishnamacharya, labarinsa daban ne. An haife shi a 1918 cikin annobar mura, ya tashi yana fama da zazzaɓin cizon sauro, da tarin fuka, da taifot. A 1937 aka tura shi birnin Pune ya koyar, can ya haɗu da manya, da tsofaffi, da masu ciwon baya waɗanda ba za su iya abin da samarin fada ke yi ba. Sai ya shiga dabara: guntun katako ga wanda hannunsa bai kai ƙasa ba, ɗamara ga wanda bai iya kama yatsun ƙafa ba, bargo da matashi da kujera ga mai rauni. Haɗuwarsa da makaɗin nan Yehudi Menuhin a 1952 ta buɗe masa ƙofar Turai, kuma littafinsa Light on Yoga na 1966, mai asana kusan 200 da hotuna wajen 600, ya zama abin dubawar duniya. Shi kansa Iyengar malami ne mai tsanani, amma daga kayan tallafin da ya ƙirƙiro aka samu zare na uku, salon da ake kwantar da jiki bisa matasai na mintoci da yawa don ya huta. Ɗalibarsa Ba'amurkiya Judith Lasater ta yaɗa shi da littafinta na 1995.

Shi ma Krishnamacharya ya sauya. Bayan Indiya ta samu ƴanci a 1947 sarakuna suka rasa iko, aka rufe makarantar fada a 1950, ya koma Madras. A can marasa lafiya da magidanta ya riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, yana ba kowa abin da ya dace da shekarunsa, da ciwonsa, da aikinsa. Ɗansa T.K.V. Desikachar, wanda ya kafa cibiya da sunan mahaifin a 1976, ya ci gaba da wannan koyarwa: yaro na buƙatar motsin da zai gina shi, magidanci na buƙatar abin da zai riƙe masa lafiya, tsoho kuwa numfashi da natsuwa. Ashe mai zafin da mai sanyin duk daga hannu guda suka fito. Abin da ya bambanta su shi ne wanda ke tsaye gaban malamin. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ƙetaren teku, da yadda kalanda ta juye

Mace ta farko daga waje da Krishnamacharya ya koyar ita ce Eugenie Peterson, haifaffiyar birnin Riga, wadda ta ɗauki sunan Indra Devi. Da farko ya ƙi ta, sai da sarki ya sa baki. A ƙarshen shekarun 1940 ta buɗe aji a Hollywood tana koyar da taurarin fim salo mai laushi don lafiya da kyan jiki. Daga nan abin da ya soma a hannun maza masu gudun duniya ya zama, a Amurka da Turai, harkar da mata suka fi yawa a ciki.

Kasuwa ta buɗe, kowa ya kawo hajarsa. A shekarun 1990 aka samu Power Yoga, ɗan Ashtanga da aka gyara don gidajen motsa jiki. Aka samu Yin Yoga, wanda Paul Grilley da Sarah Powers suka yaɗa, inda ake daɗewa cikin asana guda a ƙasa, shi kuma tunaninsa daga maganin gargajiyar Sin ya aro shi. Bikram Choudhury ya kawo asana 26 da ake yi cikin minti 90 a ɗakin da aka ɗumama zuwa digiri 40, wato suna biyan kuɗi su sayi zafin da watan Afrilu ke ba mu kyauta a Tawa da Damagaram. Ƙarshensa darasi ne ga iyaye: mata da dama sun kai shi ƙara kan cin zarafi, a 2016 kotu a Los Angeles ta ci shi tarar miliyoyin dala, ya gudu ya bar Amurka. Shi ma Jois, bayan rasuwarsa a 2009, tsofaffin ɗalibai mata sun fito sun zarge shi da taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba.

A wannan kasuwa ne aka tufka zaren uku wuri guda. Masu azuzuwa a Turai da Amurka suka soma tsara darussa bisa lokutansu huɗu, suna tsinto wani abu daga Ayurveda, wani daga tunanin Sinawa mai cewa sanyi lokacin lafawa ne, zafi lokacin kuzari. Wasu kan taru su yi gaisuwar rana sau 108 a ranakun da shekara ke juyawa. A ƙasashen da dare ke tsawo, dusar ƙanƙara na zuba, mutane na maƙale cikin ɗaki, sai ya zama da yawa sun ware lokacin sanyi ga salo mai laushi, suka bar mai zafi ga watannin da rana ke fitowa. Wannan kuwa kishiyar abin da Charaka da Vagbhata suka faɗa ne. Kowane ɓangare sararin samaniyar garinsu ya duba.

Indiya ta sake karɓar abinta da hannu biyu. A watan Nuwamba 2014 gwamnatinta ta kafa ma'aikatar da ke kula da yoga da magungunan gargajiya, a ranar 11 ga Disamba 2014 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni, ranar da ta fi kowace tsawo a arewacin duniya, a matsayin ranar yoga, da goyon bayan ƙasashe 177. A bikin farko a 2015 mutum kusan 36,000 suka taru a birnin Delhi. A 2016 hukumar UNESCO ta saka yoga cikin jerin al'adun gado na duniya.

Bauta ce ko wasa?

Tambayar waccan uwa an yi ta a ƙasashe da yawa, kuma sau da dama makaranta ce fagen gardamar. A Nuwamba 2008 majalisar fatawa ta Maleziya ta hana Musulmi yoga, daga baya firaministan ƙasar ya bayyana cewa motsin jiki zalla ba tare da karanta kalmomin bauta ba babu laifi. A Janairu 2009 majalisar malaman Indonusiya ta bi irin wannan rabo: ta haramta mai ɗauke da kirari da ibadar Hindu, ta bar wadda wasa ce kawai. Saudiyya ta amince da ita cikin wasanni a 2017. A Indiya kanta, bayan ƙorafin ƙungiyoyin Musulmi, ba a saka gaisuwar rana cikin tsarin bikin 2015 ba.

Kiristoci ma sun yi tasu. A garin Encinitas na Kalifoniya wasu iyaye sun kai hukumar makarantu ƙara, kotu ta yanke a 2013 cewa darasin da ake ba yaran an raba shi da addini, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2015. Jihar Alabama ta hana yoga a makarantun gwamnati tun 1993, ba ta ɗage ba sai 2021, shi ma da sharuɗɗa: ba kirari, ba gaisuwar namaste, sunayen motsin da turanci, kuma sai iyaye sun sa hannu. A duk waɗannan wurare, abin da aka duba shi ne abin da baki ke furtawa da wanda ake fuskanta da girmamawa.

Abin da na faɗa wa uwar

Da ta dawo, na ce mata abu uku. Na farko, ta zauna ta kalli bidiyon tare da ɗiyarta har ƙarshe, ta saurari abin da ake faɗa. In akwai kalmomin da ake sa yarinyar ta maimaita, ko sunkuyawa ga rana ko wani gunki, ta kai maganar gaban malamin addini da ta yarda da shi, domin hukunci nasu ne. Ta kuma san wanda ke koyar da ɗiyarta, ko a waya ko a fili.

Na biyu, jikin yarinya mai tasowa ba na matar cikin waya ba ne. Waɗanda suka gina wannan ilimi, daga tsofaffin masu hatha har Iyengar, gaban malami suka koya, mai gani ya gyara. Waya ba ta ganin wuyan da ya karkace. Tsayuwa bisa kai da danne wuya ba abin koyo ba ne a ɗaki a kulle, kuma duk motsin da ya kawo zafi a gaɓa a bar shi.

Na uku shi ne kalanda. Matar cikin bidiyon lokutan Faransa take bi. Yanayinmu ya fi kusa da na arewacin Indiya: sanyi mai bushewa, sai zafi mai tsanani, sai ruwa. In za a ari wani abu, tsohuwar ƙa'idar ta fi dacewa da mu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu jiki na ɗaukar gudu da tsalle, sai dai a kula da ƙurar hunturu ga yara masu ciwon ƙirji. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, motsi ya zama mai sauƙi, da sanyin safiya, a inuwa, da ruwan sha a kusa. Da damana kuwa yaron da ya wuni yana noma da hauya ya riga ya yi nasa atisayen, miƙa baya da hutu yake buƙata.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu malamai fiye da kowa, ko da yoga ko ba yoga. Mu ne muke rubuta jadawalin darasin motsa jiki a watan Oktoba, mu manna shi a bango, mu bi shi har Yuni ba sauyi, alhali rana ta sauya, azumi ya zo ya wuce, wani yaron ma bai karya kumallo ba. Ina roƙon abokan aiki, kafin bazara ta kama, mu zauna da shugabannin makarantunmu mu dawo da awar motsa jiki zuwa farkon safiya, mu rage nauyinta a watannin zafi, mu kuma tambayi yara wa ya ci abinci kafin mu busa usur. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.